Ranar da Baba Ya Bi Sadakarsa Ɗaki-ɗaki

Na yi shekaru ina tuƙa motar sanyi a Riyad. Aikina in ɗauko kifi da jatan lande da sauran tarkacen teku daga rumbun kamfaninmu da ke unguwar Sulai, in bi manyan otal-otal ina saukewa kafin rana ta buɗe. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Tiga girma ba, sai ga ni ina yawo da kayan teku a garin da ko kududdufi sai ka nema. Cikin kayan har da kawa, wannan abin mai ɓawo biyu, 'yar'uwar makankarin da muke tsinta a bakin kogi muna yara. A jirgin sama ake kawo ta da ranta, cikin ƙananan buhunan raga, kowane buhu da alamar gonar da ya fito a ɗaure a bakinsa. Manyan mutane ne ke cin ta. Mu dai ɗauka muke yi muna kau da hanci.

A rumbun akwai wani dattijo ɗan Damagaram, shi ke shara da jera kwalaye. Kowa Baba yake ce masa, har 'yan Misira da 'yan Bangaladash. A gidan ma'aikatan da muke kwana shi ne babbanmu, mu Hausawa na Nijar da na Najeriya, kuma shi ya fi kowa son tukunya. Ni Bakano ne, saboda haka akwai wasa tsakanina da shi tun na kakanni. Yakan ce kakansa ya taɓa koro kakana har ƙofar gari, ni kuma in ce masa ai shi ya sa har yau suke zarya Kano, takalman da suka zubar wajen gudun komawa suke nema.

Abu biyu Baba ya yarda da su bayan Allah da Manzonsa: hancinsa da wuta. Duk abin da aka kawo sai ya shinshina, in hancin ya ce lafiya to lafiya ce. In kuwa hancin ya ɗan yi gardama, sai a kai ƙara wajen wuta, a zuba citta da barkono, a bar shi ya tafasa har ya gaji. Abin da ba ya iya gani shi ne a zubar da abinci. Ya ga shekarun yunwa a ƙauyensu yana saurayi, kuma ba ya son ba da labarinsu. In ya ga ƙwayar shinkafa a ƙasa sai ya duƙa ya tsince ta, ko da kuwa yana ɗauke da kwali a kai.

Mai kula da lafiyar abincin kamfanin wani Basudane ne dogo, marar hayaniya, muna ce masa Duktur. Wata rana muna shan shayi a bakin rumbu ya nuna mana a wayarsa yadda ake noman kawa. Sai ga igiyoyi an saka su cikin teku, kawa ta manne a jiki cunkus, mutane a cikin kwale-kwale suna jawowa. Baba ya kalla ya kalla, ya ce, "Wannan ne noman? Ba shuka, ba hauya, ba jiran damina, su ma su ce manoma ne?"

Duktur ya yi murmushi ya ce ai su ma suna da nasu farin, sai dai nasu cikin ruwa yake zuwa. Ya ce akwai wata irin gansakuka mitsitsiya ƙwarai da takan yi yawa a teku, wani lokaci har ruwan ya canza launi, wani lokaci kuma ruwan garau amma tana nan. Wasu daga cikinta suna da dafi. Ita kuwa kawa cin abincinta shi ne tace ruwa, don haka dafin sai ya taru a jikinta, ita ba ta mutu ba, ba ta yi wari ba, ɗanɗanonta bai canza ba. Shi ya sa manoman ke ɗibar ruwa da naman kawa a kai a kai suna kaiwa gwaji. Da zarar an ga dafin sai a rufe gonar, kuma duk buhun da ya riga ya fita sai a bi shi da waya duk inda ya tafi a duniya. Ya ƙara da cewa dafa ta ba ya magani, domin ba ƙwayar cuta ba ce da zafi zai kashe, guba ce, har cikin romon takan shiga.

Ni nake fassara wa Baba inda Larabcin ya yi masa nauyi. Da na zo wurin wuta sai ya kurɓi shayinsa ya ce, "Gaya masa wutarsu ce ba ta da ƙarfi." Ban gaya masa ba. Muka yi dariya, kowa ya koma bakin aikinsa.

Akwai wata al'ada a rumbun. Daga cikin ɗakin sanyi, kusa da ƙofar baya, akwai wata kanta da ake ajiye kayan da otal ba za su karɓa ba, kamar kwalin da ya lotse ko kifin da wutsiyarsa ta karye. Duk ranar Alhamis ma'aikata ke kwashewa su tafi da shi gida, da sanin mudir, wato shugaban rumbun. Baba ne sarkin wannan kanta. Ko ledar ƙanƙara aka manta a kai sai ya duba ko akwai wani abu a ƙarƙashi.

A cikin wannan hali aka haifa masa jika na farko, namiji, daga babbar 'yarsa. Baba ya kasa zaune ya kasa tsaye. Suna ya faɗo ranar Juma'a, can gida za a yanka rago, shi kuwa yana nan, hutunsa da sauran watanni. Abin ya dame shi ƙwarai, ya ce ba zai yiwu a raɗa wa yaro suna kakansa bai fitar da ko loma ba. Ya ƙudura zai yi sadakar abinci ga duk Hausawan gidan. Kuma ba kazar kwali ba, wadda muka ci har muka fara jin za mu yi cara. Da yammacin Alhamis ya dube ni ya ce, "Bakano, gobe za ka ci abin da ubanka bai taɓa ci ba." Na ce masa in dai daga hannun Badamagare ne ai fura ce da gishiri.

Abin da ban sani ba shi ne, a ranar ina can wajen kai kaya saƙo ya iso daga wata gona cewa gwaji ya nuna dafi, a tsayar da kawarsu. Kejin da ake kulle irin waɗannan kaya ya cika da wani abu, sai sabon mai sito ya ɗora buhunan a kan kantar ma'aikata, ya zagaye su da jan salatif, ya tafi neman Duktur. Baba ya zo ya gani. Daga baya ya ce mini ya ga jan salatif ɗin sarai, amma ya ɗauka ma'anarsa otal ba sa so, kamar sauran abin da ke hawa kantar. Ya zaro buhu ɗaya daga ƙasa, ya shinshina, hanci ya ce lafiya. Har wani ɗalibin ilimi ya tambaya ta waya, aka tabbatar masa abin teku halal ne. A ransa ya samo wa jikansa abincin manya.

Ranar Juma'a da sassafe na tafi unguwar Murabba gai da wani ɗan unguwarmu da ke tsaron kanti, a can na yi salla. Muna fitowa daga masallaci wayata ta yi ƙara. Duktur ne, muryarsa ba yadda na saba ji ba. Ya ce buhu ɗaya na kawar da aka tsayar ya ɓace, ko na san wanda ya taɓa kantar jiya. Nan take maganar Baba ta dawo mini. Na gaya masa abin da nake tsoro. Ya ce in je yanzu, in nemo duk wanda ya ci, in tambaye shi ko yana jin leɓensa ko yatsunsa suna masa wani iri, kuma in tattaro ragowar abincin duka, kada a ba ko kyanwa. Ya ce shi ma ga shi nan tafe da mota.

Na samu Baba a tsakar gida kan darduma, cikin sabuwar farar riga, ya sha turare, ana ta shigowa ana masa barka. Tun bayan asuba ya kori kowa daga kicin, ya ɓare kawar nan ɗaya bayan ɗaya, ya soya ta da albasa da attaruhu, ya haɗa dafa-duka. Kafin a tafi masallaci ya zuba a kwanuka, ya rufe, ya kai kowane ɗaki da kansa. Nawa kwanon yana ajiye a gefensa yana jirana. Shi kansa bai ci ba tukuna, ɗanɗana gishiri kawai ya yi a bakin cokali, wai mai sadaka shi ke cin ƙarshe.

Na ja shi gefe na gaya masa. Ya ce da ranta ya same ta. Na ce na sani. Ya ce ya shinshina. Na ce na sani. Ya ce ta tafasa har ruwan ya ƙone ya ƙara wani. Nan raina ya ɓaci, na ce, "Baba, ko kwana ta yi a kan wuta dafin yana nan. Rayukan mutane ne fa." Ya dube ni ya ga babu wasa a fuskata, wanda bai saba gani ba. Sai ya bar gardama.

Na ciro waya zan tura saƙon murya a zaurenmu na waya na 'yan gidan. Ya riƙe mini hannu. "Abin da na kai da ƙafata ba za a karɓo shi da waya ba," in ji shi. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san nauyin abin da ke gabansa. Ko yaro ne ya yi kyauta ya dawo ya karɓe, sai 'yan'uwansa sun yi masa waƙa har ya yi kuka. Balle dattijo, balle sadaka, balle ta sunan jika. Ɗakunan duk a layi ɗaya suke, don haka na ƙyale shi, na ce amma da sauri. Ya tattare rigarsa ya shige gaba.

Ɗakin farko na wasu samari ne 'yan garinsu, masu aikin gini. Baba ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Yara, abincin nan, kun ci?"

"Mun ci, Baba," in ji babbansu, har da dafa ƙirji. "Wallahi ya yi daɗi. Allah ya raya, ya sa mahaddaci ne."

Baba ya dafa bango. Na ce musu kowa ya sa takalmi, asibiti za mu, abincin akwai guba. Ba wanda ya motsa. Suka dubi juna, suka dubi ƙasa. Can sai ƙaraminsu ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin gado, ya jawo kwanon, a rufe, cike taf, ko cokali bai shiga ba. Babban ya sosa ƙeya ya ce sun buɗe ne suka ga wasu abubuwa kamar kunnuwan jemage, ga kuma ƙarni, shi ne suka ce bari ya ɗan huce.

A ɗaki na biyu 'yan ƙasarmu ne, direbobi, kuma ba su ba ni kunya ba, domin sun fi samarin iya tsara zance. Ɗaya ya ce rabonsa da cin irin wannan tun bikin ƙanwarsa. Wani ya ce shi har ƙari ya yi. Da suka ji maganar asibiti da allura sai aka sauko da kwanon daga saman kwaba, an rufe shi da jarida. Mai ƙarin ya ce shi dama ƙarin ruwa yake nufi.

Haka muka yi ta bi. Ko'ina amsa ɗaya ce, an ci, ya yi daɗi, Allah ya raya, sannan a fito da kwano daga bayan firji ko cikin kwalin takalma. Ni kuwa kowane cikakken kwano na gani sai in ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Har na fara dariya, na ce, "Baba, yau girkinka ya ceci al'umma, da ka iya da mun shiga uku." A wani ɗaki ma an riga an juye abincin a leda an ɓoye bayan ƙofa, an wanke kwanon tas, an zuba dabino a ciki don kada a mayar masa da shi wayam. Baba ya karɓi kwanon da hannu ɗaya, ledar da ɗaya hannun, ya ce musu an gode.

A nan na dubi fuskarsa sosai, dariyata ta tsaya. Ya ji daɗi ba wanda ya cutu, wannan babu shakka, yana ta hamdala a hankali. Amma ya tashi tun asuba ya ɓare abin nan da yatsunsa don jikansa, ga shi kowa ya yi masa godiya, ba wanda ya sa a baki. Tausayinsa ya kama ni, na ji kunyar wasan da na yi.

Ɗakin ƙarshe na wani mutumin Maraɗi ne mai tuƙa tankar ruwa, sa'an Baba ko ya ɗan gaza masa. Shi kaɗai yake kwana a wani ɗan ƙuƙumin ɗaki kusa da matakala, don ba mai iya zama da bakinsa. Bai taɓa cin abincin Baba bai kushe ba, kuma bai taɓa fashin zuwa ci ba. Muka same shi kwance yana fifita da kwali.

"Ka ci abincin nan?" in ji Baba, muryarsa ta gaji da tambayar.

"Na ci. Gishiri ya yi yawa, shinkafar ta caɓe." Ya shafa bakinsa da yatsa. "Kuma wane irin yaji ne ka zuba, tsoho? Leɓena sun yi mini nauyi, kamar ba nawa ba."

Na leƙa ƙarƙashin gado, na duba bayan ƙofa, ina fatan shi ma irin sauran ne. Kwanon yana nan a gabansa a buɗe, ya side shi har gefe.

Allah ya sa Duktur ya riga ya iso ƙofar gida. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya duba idon mutumin, ya sa shi ya matsa masa hannu, ya ce yalla, mu tafi. Muka sa shi a bayan mota, Baba ya shiga kusa da shi, ni a gaba, kwanukan da ledar duk a but. Duk tsawon hanya Baba yana riƙe da hannunsa yana tambayarsa ko yana iya numfashi, shi kuma yana cewa da zai daina tambaya da ya fi samun iska. Kafin mu isa maganarsa ta fara lauyewa, ya daina ba da amsa. Ban taɓa jin shirun da na ƙi kamar wannan ba.

A asibiti suka ce irin wannan dafin ba shi da makari, sai dai a sa ido a kan numfashin mutum a taimaka masa har jiki ya fitar da shi. Suka shige da shi. Shi ma Baba suka duba shi saboda ɗanɗanon da ya yi, ba su ga komai ba. Ya zauna a kan benci cikin farar rigarsa ta suna, wayarsa tana ta ƙara, iyalinsa can gida suna so su nuna masa taro da ragon. Ya kasa ɗagawa. Ya ce da ni, "In mutumin nan ya tafi, duk shekara ranar haihuwar yaron nan me zan tuna?" Na je na sayo masa ruwa.

Mutumin bai tafi ba, da sauran kwanansa. Ya kwana a wurinsu, washegari da la'asar aka bar mu muka shiga. Duktur ya riga ya gaya wa mudir cewa laifin na inda aka ajiye buhunan ne, saboda haka aikin Baba bai taɓu ba, kantar ce aka fitar daga ɗakin sanyi gaba ɗaya. Amma Baba ba ta aiki yake ba. Ya tsaya a gefen gadon, ya cire hularsa, abin da ban taɓa gani ya yi a gaban kowa ba.

"Ka yafe mini," ya ce. "Duk gidan nan kai kaɗai ka ci sadakata, kuma kai na kusa kashewa."

Mutumin Maraɗi ya juyo da kai a hankali, robar ƙarin ruwa a hannunsa. Bakin ya saki, sai dai maganar tana fita da ɗan nauyi.

"Na buɗe na ga abubuwan nan sarai, ƙyama ta kama ni," ya ce. "Amma jikanka ne fa, tsoho. Ko ƙasa ka dafa ai zan ci."

Baba ya kife hular a fuskarsa, kafaɗunsa suna rawa. Na fita baranda na bar su.